Robert Raikes: Magidancin da Ya Ɗauki 'Ya'yan Maƙwabta Kamar Nasa

Da wuya a sami ikkilisiya a ƙasarmu, a birni ko a ƙauye, wadda ba ta da Makarantar Lahadi. A wani wuri aji ne mai allo da kujeru, a wani wuri kuma gindin bishiya ne da benci biyu. Mun saba da ita har muna ganin kamar tare da ikkilisiya aka haife ta. Amma akwai lokacin da babu ita yadda muka san ta yau, kuma mutumin da Allah ya yi amfani da shi wajen yaɗa ta bai taɓa riƙe muƙamin fasto ba. Ɗan kasuwa ne, mai gidan jarida, mijin mace ɗaya, uban 'ya'ya goma. Sunansa Robert Raikes, mutumin birnin Gloucester a yammacin Ingila, wanda ya rasu a shekara ta 1811. Rayuwarsa tana nuna mana yadda magidanci zai riƙe gidansa da sana'arsa, ya kuma miƙa hannu ga 'ya'yan da ba shi ya haifa ba.

Tasowarsa

An haifi Robert Raikes a Gloucester, aka yi masa baftisma a watan Satumba na 1736 a majami'ar St Mary de Crypt da ke tsakiyar birnin. A cikin wannan majami'a, a wannan shekara kuma, wani saurayi ɗan garin mai suna George Whitefield ya yi wa'azinsa na farko, shi ne wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu wa'azin farkawa a Ingila da Amurka. Wannan majami'a ce ta zama gidan sujadar Raikes, a cikinta kuma aka binne shi.

Mahaifinsa, shi ma Robert ne sunansa, yana da maɗaba'a, kuma yana cikin waɗanda suka kafa jaridar Gloucester Journal a 1722. Sunan mahaifiyarsa Mary. Robert ne ɗan farinta. Ya yi karatu a makarantun garin, ya kuma koyi sana'ar buga littattafai da jarida.

A 1757 mahaifin ya rasu. Robert yana da shekara ashirin da ɗoriya kaɗan sa'ad da nauyin maɗaba'a da jarida ya faɗo a wuyansa, ga mahaifiya gwauruwa, ga ƙanne da ba su gama tasowa ba. Duk ɗan fari da ya taɓa binne mahaifinsa ya juyo ya ga idanun ƙanne a kansa ya san irin wannan kaya. Robert ya riƙe sana'ar da kyau, jaridar ta ci gaba, gidan bai watse ba. Ƙanensa Thomas, wanda yake da shekara 16 lokacin rasuwar mahaifinsu, ya zama babban ɗan kasuwa a Landan, har ya shugabanci Bankin Ingila daga 1797 zuwa 1799. Wani ƙanen, Richard, ya zama limamin ikkilisiya.

Aurensa da gidansa

Ranar 23 ga Disamba 1767 Robert ya auri Anne Trigge. Sun zauna tare shekara 43, har mutuwa ta raba. Allah ya ba su 'ya'ya goma, maza uku da mata bakwai.

Shekaru masu yawa iyalin suna zaune a wani gidan katako a titin Southgate, daura da majami'arsu, kuma a nan ne wurin sana'arsa yake. Gidan yana nan tsaye har yau. Wannan tsari na zama ya sa rayuwarsa ba ta rabu kashi-kashi ba. 'Ya'yansa suna ganinsa a wurin aiki, ma'aikatansa suna ganinsa a cikin iyali, maƙwabta kuma suna ganin duka biyun. Yana kuma da al'adar zuwa addu'ar safe a babbar majami'ar birnin, wadda ake yi da ƙarfe bakwai, kafin ya shiga harkokin yini.

Raikes mai hali ne. Yana son tufafi masu kyau, yana karɓar manyan baƙi a gidansa, 'ya'yansa kuma ba su rasa abinci ko sutura ko karatu ba. Mutum mai irin wannan rufin asiri yana iya rufe ƙofarsa ya ce ya cika farillarsa, domin Littafi Mai Tsarki ya tsananta magana a kan wanda bai kula da mutanen gidansa ba (1 Timoti 5:8). Raikes ya cika wannan, amma bai tsaya nan ba. Kula da nasa 'ya'yan ne ya koya masa abin da yaro yake bukata, shi ya sa idonsa ya iya ganin abin da 'ya'yan wasu suka rasa.

Shekarun ziyarar kurkuku

Hidimarsa ga jama'a ta fara ne a gidan yari. A zamanin, kurkukun lardin yana cikin tsohuwar ganuwar Gloucester, kuma halin da ake ciki a wurin abin tausayi ne. Ana haɗa manyan masu laifi da waɗanda suka yi ƙaramar sata, maza da mata, manya da yara, a wuri mai ƙazanta da cuta. Waɗanda aka ɗaure saboda bashi ba su da wani tabbataccen rabon abinci daga hukuma, sai abin da dangi ko masu jinƙai suka kawo. Mutum yana iya shiga saboda bashi kaɗan, zazzaɓin kurkuku ya kashe shi kafin a biya. Dokokin ƙasar kuma masu tsanani ne ƙwarai, domin kafin ƙarshen ƙarni na 18 laifuffukan da hukuncinsu rataya ne sun kai wajen 200.

Tun daga 1768 Raikes ya riƙa amfani da jaridarsa yana bayyana wa jama'a halin fursunoni, yana roƙon taimako dominsu. Bai tsaya ga rubutu ba. Yakan shiga kurkukun da kansa, ya kai abinci da sutura, ya biya wa wasu ƙananan basussuka domin su koma ga iyalansu. Ya nemi a ba fursunoni aikin hannu, domin ya ga zaman banza yana ƙara lalata su. Idan ya sami fursuna da ya iya karatu, sai ya ba shi ɗan lada ya koya wa sauran. John Howard, wanda ya shahara wajen neman gyaran gidajen yari a Ingila, ya ziyarci Gloucester a waɗannan shekaru, suka san juna. Daga baya, da ƙoƙarin wani babban mutum na lardin, Sir George Onesiphorus Paul, aka gina sabon kurkuku da aka buɗe a 1791.

Ubangiji Yesu ya lissafta ziyarar ɗaurarru cikin ayyukan da yake karɓa kamar shi aka yi wa (Matiyu 25:36), marubucin Ibraniyawa kuma ya umarce mu mu tuna da su kamar tare aka ɗaure mu (Ibraniyawa 13:3). Raikes ya yi wannan hidima fiye da shekara goma. Abin da ya koya a ciki mai ɗaci ne. Ya ga mutanen da ya taimaka suka fita, ba da daɗewa ba an sake dawo da su. Ya lura yawancinsu ba su iya karatu ba, ba su san komai game da Allah ba, kuma tun suna ƙanana babu wanda ya nuna musu hanya. Ya gane cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ana so kurkuku ya ragu, sai a tari yaro kafin ya kai ƙofarsa.

Yaran masana'antar fil

Babbar sana'ar Gloucester a lokacin ita ce ƙera fil, wato ƙananan allurai na maƙale tufafi. Aiki ne mai son ƙananan yatsu, saboda haka yara da yawa ne suke yinsa. 'Ya'yan talakawa suna aiki daga safe har dare, kwana shida a mako. Babu makarantar gwamnati kyauta, babu kuma dokar da ta tilasta a sa yaro makaranta. Ranar Lahadi kaɗai ce ranar hutunsu.

Raikes da kansa ya ba da labarin yadda abin ya fara, a wata wasiƙa da ya rubuta a 1783. Wata safiya wani uzuri ya kai shi unguwar da ma'aikatan fil suke zama a gefen gari. Ya ga tarin yara cikin tsummoki suna wasa a titi, abin ya taɓa zuciyarsa. Ya tambayi wata mata mazauniyar wurin ko yaran unguwar ne. Matar ta nuna masa cewa abin da ya gani kaɗan ne, sai ya zo ranar Lahadi, sa'ad da aka saki dukan yaran daga aiki. A ranar titin yakan cika da su, suna caca da faɗa da zage-zage da saɓon sunan Allah, har mai tsoron Allah ba ya iya zama lafiya a gidansa.

Mutane da yawa sun ga waɗannan yara kafin shi. Wasu sun yi gunaguni, wasu sun nemi a kama su, manoman kewayen gari kuma suna kukan ɓarnar da ake yi musu ranar Lahadi fiye da sauran kwanaki. Raikes ya kalle su da idon uba. A 1780 ya yi shekara goma sha biyu da aure, gidansa cike yake da ƙananan yara. Bambancin da ke tsakanin 'ya'yansa da waɗannan shi ne nasa suna da wanda yake koya musu.

Ya tambaya ko akwai mata masu mutunci a unguwar da suke koya wa yara karatu a gidajensu. Aka nuna masa huɗu. Ya yi yarjejeniya da su cewa zai biya kowace sule ɗaya a kowace Lahadi, su karɓi yaran da zai turo, su koya musu karatu da katikizim, wato tambayoyi da amsoshin koyarwar bangaskiya. Bai yi gaban kansa ba. Ya je wurin wani limami, Thomas Stock, wanda yake shugaban makaranta a birnin, wanda kuma ya riga ya gwada tara yara ranar Lahadi a ƙauyen Ashbury inda ya yi hidima a da. Stock ya karɓi aikin hannu biyu, ya ɗauki nauyin zagaya makarantun da yammacin Lahadi yana duba ci gaban yaran. Haka aka fara a 1780, a ɗakunan gidajen talakawa.

Yadda makarantar take tafiya

Yaran da ake karɓa daga shekara shida ne zuwa sha huɗu, kuma ba da daɗewa ba aka haɗa maza da mata. Sukan zo bayan ƙarfe goma na safe su yi karatu har sha biyu. Su je gida su dawo ƙarfe ɗaya, a yi darasi, sa'an nan a jera su zuwa majami'a domin sujada. Bayan sujada a koma kan katikizim har wajen biyar da rabi, sa'an nan a sallame su da gargaɗin su wuce gida ba hayaniya. Ana fara musu da baƙaƙe, amma inda aka nufa shi ne yaro ya iya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta da kansa. Raikes ya yi amfani da maɗaba'arsa ya buga littattafan koyon karatu domin wannan aiki.

Sharaɗin shiga mai sauƙi ne: yaro ya zo da hannu da fuska a wanke, gashi a taje. Da iyaye suka ce 'ya'yansu ba su da takalmi ko rigar kirki, Raikes ya nuna musu cewa tufafin da yaro yake yawo da su a titi sun isa ya zo makaranta da su. Bai yarda talauci ya zama dalilin korar kowa ba. Wannan ya yi daidai da gargaɗin Yaƙubu a kan fifita mai tufafi masu kyau a kan matalauci a cikin taron masu bi (Yaƙubu 2:1-4).

Bai biya kuɗi ya koma gefe ba. Yakan zagaya makarantun, ya saurari karatun yara, ya sasanta masu faɗa. Yakan shiga gidajen iyaye ya tambayi dalilin da yaro bai zo ba, ya kuma ji yadda halinsa yake a gida. Mai ƙoƙari yakan sami kyauta: mataji, ko ɗan littafi, ko takalmi, wani lokaci Littafi Mai Tsarki. Da yaran suka gane yana zuwa addu'ar safe kullum, sai wasunsu suka fara zuwa da kansu a ranakun aiki, suna jiransa bayan an tashi domin su gaishe shi. Babu wanda ya umarce su. Sun bi sawun mutumin da ya san sunayensu.

Ƙofar gidansa ma a buɗe take gare su. Yakan gayyaci yaran makarantarsa su ci abinci a gidansa a lokacin biki, a ba su nama su ƙoshi. Ta haka 'ya'yansa suka taso suna ganin hidimar mahaifinsu a tsakar gidansu, ba a matsayin wani abu da yake ɗauke musu uba ba.

Mutanen gari ba su fara da yabo ba. Ganin attajiri mai ado yana jan zugar yara masu tsummoki zuwa majami'a ya zama abin dariya, har aka laƙaba masa sunayen ba'a. Amma bayan 'yan shekaru sai aka fara ganin canji. Unguwannin da suka fi hayaniya suka yi sauƙi ranar Lahadi. Wani mai masana'anta da yaran suke yi wa aiki ya shaida wa Raikes cewa halinsu ya canja ƙwarai, kamar ba su ba.

Yadda aikin ya bazu

Raikes bai yi gaggawar shela ba. Shekara uku ya yi yana gwaji a ɓoye. Sai ranar 3 ga Nuwamba 1783 ya buga ɗan gajeren labari a jaridarsa game da amfanin makarantun Lahadi, bai ma ambaci sunansa a ciki ba. Wasu jaridu suka kwafa. Wasiƙu suka fara zuwa daga ko'ina ana neman bayani, shi kuma yana amsawa dalla-dalla. A 1784 wata mujalla mai farin jini a Landan, Gentleman's Magazine, ta buga wasiƙarsa, labarin ya game ƙasa.

John Wesley, wanda ya kafa Methodist, ya lura a 1784 cewa duk inda ya je yana tarar da irin waɗannan makarantu suna tsirowa, ya kuma ƙarfafa mutanensa su rungume su. A 1785 wani ɗan kasuwa ɗan Baptist mai suna William Fox, bayan ya yi musayar wasiƙu da Raikes, ya jagoranci kafa ƙungiyar tallafa wa makarantun Lahadi a Landan. An raba kujerun kwamitinta daidai tsakanin 'yan Anglican da 'yan sauran ɗariƙu, abin da ba a saba gani ba a zamanin. Mata ma sun tashi tsaye: Sarah Trimmer ta buɗe makarantu a Brentford a 1786, Hannah More da 'yar'uwarta kuma suka fara a ƙauyen Cheddar a 1789. A ƙarshen 1787 Sarauniya Charlotte, matar Sarki George na Uku, ta kira Raikes fada a Windsor domin ta ji labarin aikin daga bakinsa.

Kafin 1790 an ƙiyasta yaran da suke zuwa makarantun Lahadi a Ingila sun kai wajen 250,000. A hankali malamai masu aikin sa kai suka maye gurbin waɗanda ake biya, wannan kuwa ya sa ko ƙaramar ikkilisiya marar kuɗi tana iya buɗe tata. A 1831 an ƙiyasta adadin ya kai 1,250,000. Sai a 1870 ne Ingila ta yi dokar samar da makarantun firamare ga kowa. Kafin nan, ɗimbin 'ya'yan talakawa a Makarantar Lahadi kaɗai suka koyi karatu.

Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa ba Raikes ne farkon wanda ya tara yara ranar Lahadi ba. Wata 'yar Methodist mai suna Hannah Ball ta fara a garin High Wycombe tun 1769, ga kuma Thomas Stock da muka ambata, wanda rabonsa a aikin Gloucester ba kaɗan ba ne. Abin da Raikes yake da shi wanda su ba su da shi shi ne jarida. Sana'ar da ya gāda, wadda yake ciyar da iyalinsa da ita, ita ce Allah ya mai da ƙaho na shelar aikin.

Suka da rauni

Aikin ya gamu da adawa. Wasu masu dukiya suna tsoron idan talaka ya iya karatu zai raina aikin hannu ya kuma ƙi biyayya. Wannan tsoro ya ƙaru bayan juyin juya halin Faransa na 1789, har wasu manyan limamai suka riƙa zargin wasu makarantun da cusa wa yara ra'ayin tawaye. Ta wani gefen kuma, wasu masu bi suna ganin koyar da rubutu ranar Lahadi keta ranar Ubangiji ne, aka daɗe ana wannan muhawara. Duk da haka makarantun suka ci gaba da yawaita, domin iyaye sun riga sun ga amfaninsu.

Shi kansa Raikes ba marar aibi ba ne. Marubuciya Fanny Burney, wadda ta ziyarci gidansa a 1788, ta ga mutum ne mai yawan magana da son a yaba masa, ko da yake ta amince da kyawun zuciyarsa da yawan alherinsa. Wasu tsofaffin ɗalibansa kuma sun tuna cewa yakan yi horo mai zafi da bulala, kamar yadda aka saba a zamanin. Bai kamata mu kwaikwayi wannan ba. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi (Afisawa 6:4), Raikes da kansa ma a rubuce-rubucensa ya nuna cewa alheri da fara'a ne suka fi jawo yaran. Rauninsa yana tuna mana cewa Allah ba ya jiran sai mutum ya kammala kafin ya ba shi aiki.

Tsufa da rasuwa

A 1802 Raikes ya sayar da jaridar ya huta, bayan shekara 45 yana riƙe da ita. Bai bar garinsu ba, bai kuma daina kula da yaran makarantar unguwarsa ba. Ya ga 'ya'yansa sun girma sun kama gabansu. Ɗansa Robert Napier Raikes ya zama limamin ikkilisiya, wani ɗan kuma ya zama hafsan soja. A titunan Gloucester yana haɗuwa da magidanta da matan aure waɗanda ya taɓa tsintowa suna yara cikin tsummoki.

Ya rasu farat ɗaya a gidansa ranar 5 ga Afrilu 1811, yana da shekara wajen 75, ya bar matarsa Anne. Yaran makarantarsa suka raka gawarsa zuwa St Mary de Crypt. Bisa ga wasiyyar da ya bari, aka ba kowane yaro sule ɗaya da kek. Ko a shirin jana'izarsa sai da ya tuna cewa yaro ba ya son komawa gida hannu wofi.

A 1880, cikar shekara ɗari da fara aikin, aka kafa mutum-mutuminsa a bakin kogin Thames a Landan da kuɗin da malamai da yaran makarantun Lahadi suka tara. A 1930 aka kafa irinsa a Gloucester da kuma Toronto ta Kanada.

Yadda abin ya iso gare mu

Akwai zare da ya haɗa wannan labari da Littafin da muke riƙe da shi. Da yara da manya suka koyi karatu, sai bukatar Littafi Mai Tsarki mai araha ta ƙaru. A yankin Wales, wani mai wa'azi, Thomas Charles na garin Bala, wanda ya yaɗa makarantun Lahadi a can, ya ga yadda mutanensa suke neman Littafin da harshensu ba su samu. Kukansa yana cikin dalilan da suka sa aka kafa ƙungiyar British and Foreign Bible Society a 1804. Wannan ƙungiya ce ta buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932.

Masu bisharar da suka shigo ƙasarmu a farkon ƙarni na 20 kuma sun fito ne daga ikkilisiyoyin da Makarantar Lahadi ta riga ta kafu a cikinsu. Hanyar da suka bi ita ce dai ta Gloucester: a tara mutane, a koya musu baƙaƙe, domin su karanta Maganar Allah da idonsu. Da yawa daga cikin kakanninmu a irin waɗannan azuzuwa suka fara haɗa baƙi da wasali.

Abin da rayuwarsa take koya mana

Na farko, hidimar yara aikin magidanta ce. A ikkilisiyoyi da dama an bar Makarantar Lahadi a hannun mata da 'yan mata kaɗan masu sadaukarwa, maza kuma suna ganin ta yi musu ƙanƙanta. Raikes attajiri ne mai shekara arba'in da ɗoriya, wanda sarauniya ta kira fada, amma bai ga faɗuwa ba ne ya sunkuya ya saurari yaro yana haɗa baƙaƙe. Yesu ya ji haushin almajiransa sa'ad da suka hana a kawo masa yara (Markus 10:13-16). Yaron da bai taɓa ganin namiji babba yana koyar da Maganar Allah ba zai iya tasowa da tunanin cewa bangaskiya ta mata da yara ce.

Na biyu, gida da hidima ba kishiyoyi ba ne. Akwai mai yawon hidimar ikkilisiya daga wannan kwamiti zuwa wancan, 'ya'yansa ba su san fuskarsa ba. Akwai kuma wanda ya kewaye gidansa da katanga, bai san sunan ɗan maƙwabcinsa ba. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ɗora koyar da 'ya'ya a wuyan iyaye a cikin gida, misalin Basamariye mai kirki kuma (Luka 10:25-37) ya hana mu taƙaita maƙwabtaka ga namu kaɗai. Raikes ya riƙe duka biyun ta wurin shigar da hidimar cikin gidansa.

Na uku, a fara da abin da ke hannu. Raikes yana da maɗaba'a da jarida da ɗan kuɗin da zai biya mata huɗu. Wani a cikinmu yana da shago, wani aji, wani gona, wata keken ɗinki, wani kuma sa'a biyu ne kawai yake da su ranar Lahadi da yamma. A unguwanninmu akwai yaran da suke talla ko aikin ƙarfi a lokacin da ya kamata suna aji, akwai marayu, akwai waɗanda rikici ya raba da garuruwansu, akwai kuma waɗanda suke zuwa Makarantar Lahadi shekara da shekaru ba su iya karanta aya ɗaya ba. Ikkilisiyar da ta haɗa koyar da karatu da darasin Lahadi ta koma ne ga tushen aikin.

Karin Magana 22:6 ta yi mana alkawarin cewa tarbiyyar da aka ba yaro tun yana ƙarami takan bi shi har tsufa. Bari dattawan kowace ikkilisiya su zauna su ƙirga yaran da ke kewaye da majami'arsu waɗanda ba sa shigowa, su kuma tambayi magidanta wane ne zai ɗauki aji ɗaya a wannan shekara. Ubangiji ya ba mu zuciyar uba ga 'ya'yanmu da 'ya'yan maƙwabtanmu. Amin.